Sharhi: Yadda Ake Tantance Ƙwayoyin Garkuwar Jikin Alade da Antibodi Mai Tushe Ɗaya

A asibitocin da ke kula da masu ɗauke da cutar ƙanjamau, "gwajin CD4" ya daɗe da zama kalmar yau da kullum. Ana ɗibar jini, a sa shi a na'ura, ta faɗi yawan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da suka rage wa majinyaci. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne yadda na'urar ke ware waɗannan ƙwayoyi daga sauran 'yan uwansu, alhali ko a ƙarƙashin madubin likita kamanninsu ɗaya ne. Sirrin yana cikin wani sinadari da ake kira antibodi mai tushe ɗaya. Shi ne kuma ke aiki a cikin tsinken gwajin juna biyu da na zazzaɓin cizon sauro da ake sayarwa a kemis.

Sama da shekara 40 ke nan masana lafiyar dabbobi suna amfani da wannan dabara a kan alade. Da yake batun ya haɗa alade da jini da ɗakin gwaje-gwaje, ruɗani bai rasa shiga ba. Wasu na ɗauka magani ne da ake tatsowa daga jikin alade a ɗura wa mutane, wasu na zaton allurar rigakafi ce. Ko ɗaya ba haka ba ne. A aikin da ake magana a kai, antibodin kayan awo ne. Galibi daga ɓera ake samo shi, kuma jinin alade shi ne abin da ake aunawa.

Ma'anar kalmomin

Garkuwar jiki ita ce tsarin da jiki ke kare kansa da shi daga cuta, kuma fararen ƙwayoyin jini ne ke ɗauke da mafi yawan aikin. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai makurofej, manyan ƙwayoyi masu haɗiye baƙon abu su narkar da shi. Akwai limfosait, waɗanda suka kasu gida uku: ƙwayoyin B masu ƙera antibodi, ƙwayoyin T, da wasunsu ke ba da umarni wasu kuma ke kashe ƙwayar jikin da cuta ta shiga, da ƙwayoyin NK masu kai hari ba tare da sun taɓa haɗuwa da cutar ba.

Antibodi wani furotin ne da ƙwayar B ke fitarwa, wanda ke manne wa abu ɗaya tak da ya dace da siffarsa. Idan aka yi wa dabba allurar wani baƙon abu, dubban ƙwayoyin B ne za su tashi, kowace da irin antibodinta, don haka abin da za a samu a jininta gauraye ne. Mai tushe ɗaya, wanda masana ke kira monokulonal, shi ne wanda ya fito daga zuriyar ƙwayar B guda ɗaya, saboda haka duk kwalbar da aka cika da shi wuri ɗaya take kamawa, bana da baɗi.

Sai haruffan CD. Kowace farar ƙwayar jini tana ɗauke da wasu furotin a bayan fatarta, kuma haɗuwar waɗannan furotin ita ke nuna ko wace ce ita, kamar yadda tsagen fuska ke bambanta Bagobiri da Bakabe tun kafin su buɗe baki. Masana sun yi taron farko na sa wa waɗannan alamomi lamba a birnin Faris a 1982, suka raɗa musu CD1, CD2, CD3, har yau da lambobin na ɗan'adam suka haura 370.

Daga ɓera zuwa kwalba

Georges Köhler da César Milstein ne suka fito da hanyar a 1975 a Kambirij ta Ingila, aka ba su kyautar Nobel a 1984 tare da Niels Jerne. Matsalar da suka warware mai sauƙin faɗi ce: ƙwayar B tana iya ƙera antibodi amma ba ta daɗewa a wajen jiki, ƙwayar wata cutar daji da ake kira mayeloma kuwa ba ta daina hayayyafa. Sai suka narka su biyun suka zama ƙwaya ɗaya, haibiridoma, mai ƙera antibodi ba ƙaƙƙautawa.

A aikin alade, ana ware fararen ƙwayoyin jininsa a yi wa ɓera allurarsu. Jikin ɓeran zai ɗauke su baƙi, ya shiga ƙera antibodi a kansu. Bayan 'yan makonni a cire saifarsa, a haɗa ƙwayoyinta da na mayeloma, a rarraba su cikin ƙananan ramuka na farantin roba har kowane rami ya zama zuriyar ƙwaya ɗaya. Nan ne wahalar take, domin dole a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ne ke kama abin da ake nema. Wanda ya yi kyau a adana shi cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, ya yi shekaru gommai.

Amfani da shi kuma iri uku ne. Ana liƙa wa antibodin rini mai ƙyalli, kore ko ja, a gauraya da jini, a tura cikin na'urar fulo-saitomita wadda ke jera ƙwayoyin su wuce gaban hasken leza ɗai-ɗai, dubbai a cikin daƙiƙa, tana ƙidaya launin kowace. Ana shafa shi a kan siririn yankan huhu ko hanji don a ga inda kowace irin ƙwaya ta zauna. Ana kuma ɗaura shi a jikin ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu a janye irin ƙwayar da ake so daga cikin taro.

Yadda aka fara a kan alade

Abin mamaki, ba makiyaya ne suka fara buƙatar wannan aiki ba, likitocin dashen sassan jiki ne. Tun farkon shekarun 1970 David Sachs ke kiwon wasu ƙananan aladu a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka don nazarin dalilin da jiki ke ƙin karɓar ƙodar da aka dasa masa. A 1984, Mark Pescovitz da Joan Lunney da Sachs suka wallafa jerin antibodi na farko masu tantance fararen ƙwayoyin jinin alade. Biyu daga ciki, mai lamba 74-12-4 da ke kama CD4 da mai lamba 76-2-11 da ke kama CD8, har yau ana sayar da su ana aiki da su.

Da ɗakunan bincike suka yawaita a Amurka da Jamus da Ingila da Sifaniya, sai kowa ya riƙa ƙera nasa yana sa masa sunan da ya ga dama, har ba a sanin ko antibodi biyu abu ɗaya suke kamawa. Don kawar da wannan hargitsi aka shirya tarukan ƙasa da ƙasa guda uku, inda aka rarraba antibodin ga ɗakunan bincike daban-daban kowa ya gwada, aka kwatanta sakamako. An wallafa rahotanninsu a 1994 da 1998 da 2001. Alamar da aka tabbatar tana da takwara a jikin mutum ta samu lambar CD, wadda ba a tabbatar ba aka ba ta lambar wucin gadi mai farawa da SWC. Da sannu aka gano asalin wasunsu: SWC3 ashe CD172a ce, SWC1 kuma CD52, SWC2 ta zama CD27, wasu bayan kusan shekara 20.

Alade ba kwafin mutum ba ne

Wannan shi ne babban abin da aikin ya fito da shi, kuma shi ya sa ba za a iya ɗauko littafin garkuwar jikin mutum ko ta ɓera a ɗora wa alade kai tsaye ba.

A jikin mutum, ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai ita ce ƙwayar T da ta balaga tana ɗauke da CD4, ta zama mai ba da umarni, ko kuma CD8, ta zama mai kisa; waɗanda ke ɗauke da duka biyun a cikin jini 'yan kaɗan ne ƙwarai. A 1987 Armin Saalmüller da abokan aikinsa a Tubingen ta Jamus suka nuna cewa kaso mai yawa na ƙwayoyin T a jinin lafiyayyen alade suna ɗauke da alamun biyu lokaci guda. Binciken da ya biyo baya, ciki har da na Federico Zuckermann a Amurka a tsakiyar shekarun 1990, ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi 'yan kaɗan ne a jikin jaririn alade, suna ƙaruwa yayin da yake girma. Masu ba da umarni ne da suka taɓa karo da cuta suka riƙe ta a ƙwaƙwalwa. Ga mai gwada rigakafi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana iya duba ko allurarsa ta haifar da irin ƙwayoyin da za su tuna da cutar.

Wannan kuma ya haifar da wani tarko. Tunda CD8 tana jikin waɗancan ƙwayoyi masu alama biyu, tana jikin ƙwayoyin NK, tana kuma jikin wasu ƙwayoyin T na daban, wanda ya ƙidaya CD8 kaɗai a jinin alade ya ce ya ƙidaya masu kisa ya yi kuskure babba. Sai da aka samu antibodin CD3, alamar da ke jikin duk ƙwayar T, daga cibiyar Pirbright ta Ingila a tsakiyar shekarun 1990, da wasu masu kama ɓangaren CD8 da ake kira beta, sannan aka iya rarrabe su yadda ya kamata. Shi ya sa a yau ba a gwajin da launi ɗaya, sai da uku ko huɗu ko fiye a kwalba guda.

Akwai kuma ƙwayoyin T da ake kira gama-delta. A jinin mutum ba su cika kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin T ba, amma a jinin ƙaramin alade suna iya kai kashi ɗaya cikin uku ko su wuce. Shanu da tumaki ma haka suke da yawansu, abin da ke nuna cewa darasin alade yana da amfani ga likitan da ke duba garke a Sakkwato ko Maraɗi. Har yanzu ana kan nazarin ainihin aikinsu.

Hatta ginin jikin ya bambanta. Kaluluwar alade a juye take: sashen da ke waje a kaluluwar mutum shi ne a tsakiyar tasa, kuma limfosait ɗinsa suna komawa cikin jini kai tsaye daga can. Mabiyiyar alade kuwa ba ta barin antibodin uwa ya ratsa zuwa ɗan tayi, don haka ana haifar jaririn babu kariya, rayuwarsa ta dogara ga dakashin da zai sha a sa'o'in farko.

Cututtuka biyu da suka gwada dabarar

Ta farko ita ce PRRS, cutar da ke sa aladu ɓari da ciwon huhu. Ta ɓulla a Amurka a 1987, aka ware ƙwayar bairas ɗinta a Lelystad ta ƙasar Holan a 1991. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2013 ya nuna tana jawo wa masu kiwo a Amurka asarar dala miliyan 664 a shekara. An san tana shiga makurofej na huhu, amma ta wace ƙofa? Masana a jami'ar Ghent ta Beljiyam sun ƙera antibodin da ke hana ta shiga, suka bi sawunsa har suka gano yana kama wata alama mai suna CD169. Aka yi shekaru ana ɗaukar ta a matsayin babbar ƙofa. A 2007 wasu masu bincike suka nuna wata alamar, CD163. Gardamar ba ta mutu ba sai da aka shiga gyaran ƙwayoyin gado: a 2013 aka samar da aladu marasa CD169, sai ga shi sun kamu da cutar kamar kowa, daga baya jami'ar Misuri ta samar da marasa CD163, su kuma cutar ta kasa kama su. Cibiyar Roslin ta Sukotlan ta cire ɗan guntun alamar kawai ta samu irin wannan sakamako, kuma a watan Afrilun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin waɗannan aladu.

Ta biyu ita ce zazzaɓin aladu na Afirka, wanda Eustace Montgomery ya fara bayyanawa daga Kenya a 1921. Gadu da wata irin kaska ne ke riƙe da ƙwayar cutar a daji ba tare da ta kashe gadun ba, amma idan mai zafin ta shiga garken gida kusan ba ta barin ko ɗaya. Ba ta kama mutum. Ta isa Jojiya a 2007, ta shiga ƙasar Sin a watan Agustan 2018, a lokacin da kusan rabin aladun duniya suke can.

A nan antibodi ya yi aiki iri biyu, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya faɗi. A 2005 Chris Oura da abokansa a Pirbright suka sa wa aladu raunanniyar ƙwayar cutar har suka samu kariya, sannan suka yi musu allurar antibodin da ke share ƙwayoyi masu CD8, suka gwada su da mai zafi. Kariyar ta rushe. Wannan ya nuna cewa antibodin da jikin alade ke ƙerawa shi kaɗai bai isa ba, dole rigakafi ya tayar da ƙwayoyi masu CD8, kuma wannan fahimta tana cikin abin da ya karkata hankalin masu bincike ga rigakafi mai rayayyar ƙwaya, irin wanda Biyetnam ta amince da shi a 2023. A ɗaya ɓangaren, wani bincike daga Madrid a 2003 ya nuna alamar cewa CD163 ce ƙofar wannan cuta ita ma, amma a 2017 aka gwada aladu marasa CD163 da ƙwayar Jojiya, suka kamu.

Abin lura a labaran biyu shi ne antibodi yana nuna inda za a duba, amma hukuncin ƙarshe yana buƙatar shaida ta biyu. Wanda ya manta da haka zai gina shekaru na bincike a kan zato.

Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko a kan aro ne. Ƙera antibodi na musamman don alade yana cin kuɗi da lokaci, kasuwarsa kuma ƙarama ce, don haka kamfanoni ba sa rububinsa. Wasu masana na ganin a gwada na mutum da na ɓera da ke cike da kasuwa, a ɗauki wanda ya kama. Hakan ya yi aiki a wasu wurare: da antibodin mutum ake tantance ƙwayoyin B na alade ta alamun CD21 da CD79a, da na ɓera kuma ake gano ƙwayoyin T masu kwantar da garkuwa ta furotin Foxp3. Masu adawa suna cewa kamawa ba ita ce shaida ba, domin antibodi na iya manne wa wani furotin dabam a jikin alade, sai an tabbatar ta hanyar sa ƙwayar gadon alamar a wata ƙwaya a ga ko ya kama ta. Hujjarsu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ƙa'idar da manyan ɗakunan bincike ke bi yanzu.

Ko na musamman ɗin ma yana da iyaka. An samu wasu ƙananan aladu a Amurka da Japan da antibodin 74-12-4 ba ya kama ƙwayoyinsu ko kaɗan, ba don ba su da CD4 ba, sai don siffarta ta ɗan bambanta a zuriyarsu. Mai gwajin da bai san haka ba zai rubuta cewa dabba mai ƙoshin lafiya ba ta da garkuwa.

Saɓani na biyu a kan ɓeran ne. A 2020 wata cibiyar Tarayyar Turai mai neman madadin gwaji da dabbobi ta ba da shawarar a daina amfani da su wajen ƙera antibodi, tunda akwai hanyar zaƙulo shi a kwalba, wadda ta kai George Smith da Gregory Winter ga kyautar Nobel a 2018. Ƙungiyoyin masana da dama sun mayar da martani cewa sabuwar hanyar ba ta kai ta maye gurbin tsohuwar a kowane fanni ba. Ana tafiya da duka biyun.

Na uku shi ne ko zamanin antibodi ya wuce, tunda an kammala karanta kundin gadon alade a 2012, kuma yanzu ana iya karanta saƙon gado na kowace ƙwaya ita kaɗai. Sabuwar fasahar ta fito da rabe-raben da ba a san da su ba, amma tana da tsada, kuma ba ta ba mai bincike rayayyar ƙwaya a hannu ya gwada aikinta. Abin da ake gani a aikace shi ne kowace tana gyara wa 'yar uwarta kuskure.

Abin da zai biyo baya, da inda ya taɓa Najeriya

Amfanin bai tsaya ga masu kiwo ba. Murar da ta game duniya a 2009 tana da asali a ƙwayoyin murar aladu, cutar Nipah kuma ta ratsa ta jikinsu ta kashe mutane sama da 100 a Malesiya a 1998 zuwa 1999. A watan Janairun 2022 likitoci a Maryland suka dasa wa wani majinyaci zuciyar alade da aka gyara wa ƙwayoyin gado, ya rayu wata biyu. A watan Maris na 2024 aka dasa wa wani majinyaci ƙodar alade a Boston. Hukuncin addini a kan irin wannan dashe magana ce ta malamai, kuma dabam take da batun gwajin jini. Amma ta fuskar lafiya, cutar da ta samu wurin zama a garke ba ta tambayar wanda ke cin naman da wanda ba ya ci kafin ta tsallaka.

A Najeriya kiwon alade sana'a ce ta dubban iyalai a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da Adamawa da jihohin kudu, kuma kasuwar Katsit kusa da Kafanchan na cikin manyan kasuwannin aladu a Afirka ta Yamma. Zazzaɓin aladu ya barke a ƙasar a 1997, bai fita ba tun lokacin, ya kuma yi mummunar ɓarna a gonakin Oke Aro da ke kan iyakar Legas da Ogun a 2020. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ita ce ke kan gaba wajen tabbatar da cutar idan ta ɓulla.

Gano cuta mataki ne na farko. Ranar da aka kawo rigakafin zazzaɓin aladu Afirka ta Yamma, tambayar za ta zama ko yana tayar da ƙwayoyin da suka dace a jikin aladun gida, kuma ko antibodin da aka ƙera a kan aladun Turai da Amurka suna karanta jininsu daidai. Misalin CD4 ya isa ya nuna cewa ba a ɗaukar wannan da ka, sai an gwada. Gwajin yana buƙatar na'urar fulo-saitomita, da firiji da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da suka san bambancin alade da mutum a kan allon na'urar. Ya kamata hukumomin da ke ba da kuɗin bincike da tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Jos da Makurɗi da Ibadan su sa wannan a kasafinsu tun kafin rigakafin ya iso.